Cajojin Mota Masu Raba Wuta Ɗaya: Wa Ya Rage Ƙarfin Cajin?

Ƙorafin da aka fi ji a wurin da aka jera cajojin motocin lantarki a kan wuta ɗaya shi ne: "Wannan cajar ba ta da ƙarfi." Mai mota ya jona da daddare, gari ya waye batir bai kai rabi ba. Mai kula da wurin ya kira masu gyara, aka cire akwatin, aka kafa sabo fil, washegari sabon ya ɗauki halin tsohon. An bar jaki ana dukan taiki. A irin wannan tsari, akwatin da ke jikin bango da wuya ya zama shi ne mai yanke hukunci, umarni kawai yake bi. Wani ne ya ce masa ya ba da ampiya 6, shi kuma ya bayar. Don haka kafin mai gyara ya taɓa sukurudireba, akwai tambayar da ya kamata ya amsa: wa ya ba da wannan adadi, kuma bisa wane labari ya bayar?

Dalilin raba wutar a fili yake. Caja guda mai ampiya 32 a kan volt 230 tana jan kilowat 7.4, kuma ba na minti biyar ba, na sa'o'i ne a jere. Idan ta layi uku ce, ta kai kilowat 22. Gini mai motoci ashirin ba zai iya ba kowace cikakken ƙarfinta ba sai an sake manyan wayoyi, wani lokaci har da tiransifoma. Sai aka ce to, tunda ba dukkan motocin ne ke jan wuta lokaci ɗaya ba, a ware wa cajojin wani adadi su riƙa rabawa a tsakaninsu. A ɗauka an ware ampiya 60 ga cajoji shida. Mota ɗaya za ta samu 32 ɗinta cif. Biyu, 30 kowace. Uku, 20. Idan duka shidan suka cika, kowace ta koma 10, wato kilowat 2.3. Batir mai ɗaukar kilowat-awa 60 da zai cika cikin kamar awa takwas, yanzu sai ya haura awa 26. Babu abin da ya lalace a nan. Lissafi ne, kuma kaso mai yawa na ƙorafe-ƙorafe a nan yake ƙarewa, da za a zauna a yi wa masu motoci bayani tun ranar farko.

Abin da caja ke gaya wa mota

Akwatin da muke kira caja, a tsarin wutar AC, wato irin wutar da ke cikin gidaje, ba shi ne ke cajin batir ba. Ainihin cajar tana cikin motar. Aikin akwatin shi ne ya tabbatar an jona lafiya, ya buɗe ko ya rufe wuta, sannan ya gaya wa motar iyakar abin da aka yarda ta ja. Yana yin wannan maganar ta wata siririyar waya a cikin kebur ɗin, wadda ake kira CP, bisa ƙa'idar IEC 61851-1 da takwararta ta Amurka SAE J1772. Idan babu mota, wayar tana kan volt 12. Da an jona mota ta sauka zuwa 9. Idan motar ta ce ta shirya karɓar wuta, ta sauka zuwa 6. A kan wannan wayar akwatin ke aika sigina mai bugawa sau dubu a daƙiƙa, kuma faɗin kowane bugu shi ne saƙon: kashi 10 cikin ɗari na nufin ampiya 6, kashi 25 na nufin 15, kashi 50 na nufin 30. Idan aka sauya adadin, ƙa'ida ta ba motar daƙiƙa biyar ta daidaita janta.

Abubuwa biyu ke fitowa daga nan, kuma duk wanda ya riƙe su ya rage wa kansa rabin wahala. Na farko, akwatin ba ya tilasta wa mota ta ja wuta, tayi kawai yake yi. Ya ce 32, motar ta ga dama ta ja 16, ko don iya ƙarfin cajarta ta ciki ke nan, ko batir ya kusa cika, ko ya yi sanyi, ko kuma mai motar ya taɓa rage adadin a allonta ya manta. Na biyu, a wannan yaren babu abin da ke ƙasa da ampiya 6. Ba za a iya ce wa mota ta ja 4 ba. Ko 6 zuwa sama, ko a dakatar da ita gaba ɗaya. Ke nan ampiya 60 ɗin nan ba za ta ɗauki fiye da motoci goma a lokaci guda ba, ta goma sha ɗaya sai ta jira layi, komai kyawun manhajar da ke rabon.

Saboda haka aikin farko shi ne a raba tsakanin abin da aka yi tayi da abin da aka ja. A duba allon motar ko kundin bayanan cajar a ga adadin da aka ba ta, sannan a sa mita mai matse waya a ga abin da ke wucewa da gaske. Idan an ba ta 32 tana jan 10, a bar bango a koma wajen mota ko kebur. Shi ma kebur ɗin yana da bakin magana: a kan filogin kebur irin na Type 2 akwai ƙaramin resista da ke faɗin iya ƙarfin wayar, om 680 na nufin ampiya 20, om 220 na nufin 32. Mutum ya zo da kebur mai 20 ya jona a caja mai 32, ba zai taɓa wuce 20 ba, kuma daidai ke nan. Idan kuwa tayin ne da kansa ya yi ƙasa, an ba ta 6 alhali motoci biyu ne kacal a wurin, to matsalar tana can baya, kuma dole a bi sawun adadin nan zuwa inda ya fito.

Cajojin da ke magana da sabar, wato kwamfutar kamfani da ke kula da su daga nesa, ta yarjejeniyar sadarwa mai suna OCPP, sun sauƙaƙa wannan rarrabewa. A cikin rahoton da suke aikawa akwai yanayi biyu masu kama da juna a ido: SuspendedEV da SuspendedEVSE. Na farko yana cewa motar ce ta daina karɓa, na biyu yana cewa cajar ce ta daina bayarwa. Ga mai mota duk ɗaya ne, ba a caji. Ga mai gyara kuwa, hanyoyi biyu ne da ba sa haɗuwa.

Jagora da mabiya

Kowane tsarin rabo yana da wanda ke riƙe da lissafi. A wasu, ɗaya daga cikin cajojin ce ake naɗawa jagora, sauran su zama mabiya. A wasu akwai na'ura ta daban a cikin akwatin rarraba wuta. A wasu kuma lissafin yana can a sabar kamfani, ta intanet. Kamfani ɗaya ma yakan sauya hanya: cajar bango ta Tesla ta ƙarni na biyu tana haɗa har guda huɗu da waya, ta ƙarni na uku kuma har guda shida ta Wi-Fi. Mai gyaran da bai san wane iri ne a gabansa ba, lalube kawai zai yi.

Me mabiya za su yi idan suka daina jin muryar jagora? Wannan ita ce tambayar da na fi ba muhimmanci a duk wannan fanni. Cajar da aka ƙera da hankali ba ta ci gaba da jan abin da take ja, domin ba ta san ko wasu motoci sun ƙaru ba. Tana komawa wani ƙaramin adadi na kariya da aka saita mata, sau da yawa ampiya 6, wani lokaci sifili. Shi ya sa caja ɗaya da ta maƙale a kan 6 ba dare ba rana, alhali 'yan uwanta suna hawa suna sauka, kusan kullum alama ce ta yankewar sadarwa. Lafiyarta ƙalau, kurma ce kawai ta zama. Shi ma jagoran, da ya daina jin ta, yakan ware mata kasonta na kariya ya cire daga abin da yake raba wa sauran, don haka su ma su ɗan ji a jikinsu.

A nan ne wani kuskure mai haɗari ke ɓuya. Adadin kariya sau yawan cajoji bai kamata ya wuce abin da layin zai ɗauka ba. Cajoji goma a kan ampiya 6 sun cinye 60 daidai. Aka ƙara biyu daga baya ba a sake lissafi ba, ya zama 72. Muddin sadarwa na tafiya, babu wanda zai lura. Ranar da rauta, wato na'urar da ke haɗa su da intanet, ta mutu kuma wurin a cike, ranar ce bireka mai yanke wuta idan lodi ya yi yawa za ta iya faɗuwa, a yi ta mamakin abin da ya haɗa intanet da faɗuwar wuta. Akwai kuma masu ɗaga adadin kariyar da gangan zuwa 16 don su huta da ƙorafi. Ƙorafin ya tafi, kariyar ma ta tafi tare da shi.

Idan haɗin na waya ne, galibi layin sadarwa na RS-485 ne ɗauke da yaren na'urori na Modbus, ko kuma wani irin layin mai suna CAN. Dukansu tsofaffin fasahohi ne masu juriya, Modbus tun 1979 yake aiki a masana'antu, amma suna da sharuɗɗa da ba sa yafewa. Wayar tana bi daga caja zuwa caja a jere, ba a tattaro kowace zuwa tsakiya ba. A farkon layin da ƙarshensa ana sa resista mai om 120, a can kawai, ba a tsakiya ba. Gwajin wannan ba ya cin minti biyu: a kashe wuta, a ɗora mita a kan wayoyin biyu. Idan ta nuna kusan om 60, resista biyu suna nan. Idan ta nuna 120, ɗaya ta ɓace ko waya ta katse a hanya. Idan ta nuna 40, an kunna uku. Abin da ke wahalarwa shi ne layin da ba a rufe shi daidai ba yakan yi aiki a ranar da aka kafa shi, sai daga baya, idan motoci suna jan wuta sosai kuma hayaniyar lantarki ta ƙaru, saƙonni su fara lalacewa. Sai ka ga caja ta ƙarshe a layi tana ɓacewa tana dawowa. A duba kuma ko an juya wayoyin sadarwar biyu, A da B, domin kamfanoni ba su yi ittifaƙi a kan wacce ce wacce ba, a duba ko cajoji biyu sun ɗauki adireshi ɗaya, ko an naɗa jagora biyu, ko an kwantar da wayar sadarwa a bututu ɗaya da wayar wuta na tsawon mitoci.

Wi-Fi nasa halin daban. Yawancin cajoji a kan 2.4 GHz suke, inda cunkoso ya fi yawa. Kuma ana gwada ƙarfin sigina ne a ranar kafawa, lokacin da wurin ajiye motocin yake wayam. Da daddare sai motoci su cika shi, kowace tulin ƙarfe ce, wata babbar mota ta tsaya daidai tsakanin jagora da mabiyi, hanya ta toshe a daidai lokacin da aka fi buƙatar rabo. Duk matsalar da ke zuwa da dare ta tafi da safe, a fara zargin wannan. Akwai kuma abubuwan da mai kula da intanet ɗin gini kan yi da kyakkyawar niyya ba tare da ya san akwai cajoji a kai ba: ya sauya kalmar sirri, ya kunna tsarin da ke hana na'urori ganin juna a kan Wi-Fi ɗaya, ko rauta ta sake raba adireshin IP bayan ɗaukewar wuta, jagora ya ci gaba da neman mabiyi a tsohon adireshi. Ni dai a ganina, duk inda za a iya jan waya, a ja. Kuma lissafin da ke kare bireka ya zauna a cikin ginin. Sabar nesa ta yi aikin kuɗi da rahoto da tsara lokaci, amma kada lafiyar wayoyin gini ta rataya a kan ko netwok ya kama.

Inda sabar ce ke rabon, akwai wani tarko na daban. OCPP, wadda ta faro a ƙasar Holan a 2009, ta shigo da tsarin taƙaita caji a sigarta ta 1.6 a 2015. Sabar tana aika wa caja jadawalin iyaka, kuma iri uku ne: na cajar gaba ɗaya, na kowane caji da zai fara, da na cajin da ke gudana yanzu. Ana iya jibga su kan juna, kuma iyakar cajar gaba ɗaya tana danne sauran. Jadawalin da aka aika watanni da suka wuce don gwaji zai iya zama a cikin cajar, ba wanda ya tuna da shi, yana riƙe da ita a ƙasa. Akwai umarnin GetCompositeSchedule da ke tambayar cajar abin da take ganin shi ne iyakarta bayan ta haɗa komai, da ClearChargingProfile da ke share su. A lura kuma da ma'auni, domin ana iya aika iyaka da ampiya ko da wat, kuma ba kowace caja ke karɓar duka biyun ba. Agogon caja ma idan ya kauce, jadawalin dare sai ya yi aiki da rana, wani lokaci ma ta kasa haɗuwa da sabar kwata-kwata saboda tana ganin takardar tsaron da ke tabbatar da haɗin ba ta fara aiki ba ko wa'adinta ya ƙare.

Idan labarin da ke zuwa wa jagora ƙarya ne

A ce sadarwa lafiya lau, kowa yana jin kowa, amma rabon bai yi daidai ba. To jagora yana lissafi ne a kan labarin da ba gaskiya ba, kuma wurare biyu ne labarin ya fi gurɓacewa: zoben awo da jerin layuka.

A tsarin da ke duba abin da sauran ginin ke ja kafin ya ba motoci ragowar, ana maƙala zobba masu auna wutar da ke wucewa, waɗanda ake kira CT, a kan manyan wayoyin shigowa. Ɗauki ɗaya ka duba jikinsa, za ka ga 'yar kibiya. Tana nuna inda wuta ta nufa. Idan aka maƙala shi a juye, mitar da ke lura da alkibla sai ta karanta jan wuta a matsayin mayar da wuta, kamar ginin yana da rarar sola. Jagora ya ga yalwa, ya buɗe wa motoci, adadin ya ƙara nutsewa ƙasa da sifili, ya ƙara buɗewa, har sai bireka ta raba gardama. Idan zoben layi na ɗaya aka sa a kan na biyu, lissafin ƙarfi ya rikice. Idan zoben bai rufu sosai ba, ya karanta ƙasa da gaskiya. Idan girman zoben da aka shigar a manhaja ba shi ne na wanda aka maƙala ba, komai ya ƙaru ko ya ragu gwargwadon bambancin. Gwajin nan ma mai sauƙi ne: a kunna wani abu da aka san janshi a kan layi ɗaya, a ga ko adadin ya tashi a layin da ya dace, da yawan da ya dace, ta alkiblar da ta dace. Gargaɗi guda da ba na wasa ba: zoben da ke fitar da ampiya, ba a cire wayoyinsa daga mita alhali yana kan waya mai ɗauke da wuta, domin yakan haifar da volt mai kisa a bakin wayoyin. Wannan aikin ƙwararren ma'aikacin lantarki ne.

Akwai wata alama da ke rikita mutane: caji yana hawa yana sauka kamar numfashi, 30, sai 6, sai 30, kowane minti ɗaya ko biyu. Sau da yawa ƙirga abu ɗaya sau biyu ne. Zoben yana wurin da yake ganin jan ginin haɗe da na cajoji, amma an gaya wa manhaja cewa na ginin kawai yake gani. Jagora ya ba mota 30, mita ta ce gini ya ƙara jan 30, jagora ya janye daga motar don ya ba gini wuri, mita ta ce gini ya rage, jagora ya sake bayarwa. Haka za su kwana. Jinkirin saƙon mita ma yana haifar da irin wannan, musamman idan sai ya je sabar ya dawo. Wasu motocin kuma idan aka yi ta kunna musu ana kashewa, sai su nuna kuskure su daina karɓa gaba ɗaya.

Batun layuka ya fi wannan ɓoyuwa. A ginin da ke da layi uku, mota mai cajar layi ɗaya kullum daga ƙafar farko ta soket take ja. Da za a haɗa dukkan cajoji iri ɗaya, duk irin waɗannan motoci sai su taru a kan L1, sauran biyun suna zaune. Shi ya sa masu kafawa ke juya jerin: caja ta farko ta fara da L1, ta biyu da L2, ta uku da L3. A Jamus ma ƙa'idar haɗa wuta ta taƙaita rashin daidaito tsakanin layuka zuwa 4.6 kVA, kusan ampiya 20. Dabara ce mai kyau, da sharaɗin cewa abin da aka yi da hannu shi ne aka rubuta a manhaja. A ɗauka manhaja ta ce an juya, amma wanda ya ɗaura wayoyin bai juya ba. Motoci uku masu layi ɗaya suka jona. Jagora yana ganin kowace tana kan layinta, ya ba kowace 32. A zahiri ampiya 96 ne suka hau kan waya ɗaya mai bireka 63. A allo komai kore ne har lokacin da wuta ta ɗauke. Idan akasin haka ne, an juya a waya ba a faɗa wa manhaja ba, sai jagora ya yi ta matse motocin da ba su takura wa juna ba. Hanyar ganewa ita ce a jona mota ɗaya mai layi ɗaya a kowace caja bi da bi, a je akwatin rarrabawa a matse kowane layi a ga wanda ya ɗauka. Aiki ne mai cin lokaci, amma ban san wata gajeriyar hanya da za a amince da ita ba.

Sai kason da aka ware wa wanda ba ya nan. Mota ta cika tun tsakar dare amma tana jone, tsarin da bai waye ba ya ci gaba da riƙe mata rabonta. Caja ta sake tashi a tsakiyar caji, sabar ba ta samu saƙon rufewa ba, tana ganin har yanzu ana caji. An cire tsohuwar caja an sa sabuwa, ba a goge tsohuwar daga jerin rukuni ba, jagora yana ajiye mata ampiya 6 har abada. Idan aka tara abin da aka raba aka ga bai kai abin da aka ware ba, a nemi irin waɗannan.

Faɗuwar bireka da barcin mota

Idan wuta na faɗuwa, lokacin faɗuwar shi ne shaida mafi ƙarfi, kuma a fara tantance wacce ce ta faɗi. Na'urar kariya daga yoyon wuta daban, ta kariya daga yawan lodi daban. Wadda ta faɗi nan take da aka jona mota, ko lokacin ruwan sama, yoyo take nunawa, rabo bai shigo ciki ba. Kowace mota tana da ɗan yoyonta na al'ada, idan aka tara cajoji da yawa a bayan na'ura ɗaya mai milli-ampiya 30, ƙananan nan sai su haɗu su kai ta. Wadda ta faɗi bayan minti ashirin ko arba'in ana caji, zafi ne. Ƙananan bireka na ƙa'idar IEC 60898 suna jure kashi 13 cikin ɗari sama da adadinsu na awa guda ba su faɗi ba, a kashi 45 kuma dole su faɗi cikin awa. Wannan jinkiri ne ke sa mutane su kasa haɗa sababi da sakamako. Dokar lantarki ta Amurka tana ɗaukar cajin mota a matsayin lodi mai ɗorewa, shi ya sa caja mai ampiya 48 ke buƙatar bireka 60. Wanda ya shigar da adadin jikin bireka a manhaja a matsayin abin rabawa, bai bar wa zafi wuri ba. Kusoshin waya da ba a ɗaure da ƙarfin da aka ƙayyade ba su ma suna ɗumama bireka har ta faɗi ƙasa da adadinta, ko su sa cajar ta rage ƙarfi da kanta. Canja bireka zuwa babba ba tare da an canja waya ba, gobara ce ake gayyata.

Barcin mota kuwa matsala ce da rabo da kansa ya haifar. Motar da aka sa a layin jira tana jone amma ba a ba ta komai ba, bayan wani lokaci kwamfutocinta sukan kwanta don kada ƙaramin batir ya ƙare. Da ƙarfe uku na dare layi ya zo kanta, caja ta yi tayi, wasu motocin su farka, wasu ko gezau. Wasu cajoji suna da dabarar girgiza siginar CP kamar an cire an sake jonawa don su tashe ta. Idan ƙorafin na bin mota ɗaya duk inda ta jona, ba ya bin caja ɗaya, a nan za a duba, tare da agogon cajin da mai motar ya saita, wanda kan yi karo da jadawalin wurin. A wurin da irin waɗannan motoci suke, gara a bar kowa a kan 6 da a riƙa dakatarwa bi da bi, in dai lissafi ya ba da dama.

Manyan cajojin DC na kan hanya, waɗanda ke tura wuta kai tsaye zuwa batir, ba zan daɗe a kansu ba. Su ma suna rabo, sai dai a dunƙule: a cikin akwatin akwai tubalan wuta masu kilowat gommai kowane, ana miƙa wa mota ɗaya ko a karɓe. Tsofaffin tashoshin Supercharger na Tesla suna haɗa gurabe biyu, A da B, a kan akwati ɗaya, shi ya sa ƙarfi ke raguwa idan wani ya tsaya a gefenka. Tubali ɗaya ya mutu, caja ta ci gaba da aiki da ragin ƙarfi ba tare da ta nuna jar alamar matsala ba. A nan ma tambayar ba ta sauya ba: nawa motar ta nema, nawa aka ba ta.

Yawancin abubuwan nan ana iya kama su tun ranar kafawa, da gwajin da ba kasafai ake yi ba saboda kowa na sauri. A jona motoci ko na'urar gwaji a cajoji da yawa gwargwadon iko, a bar su su ɗauki lodi, sannan a zare wayar sadarwa ko a kashe rauta da gangan, mita tana kan babban layi. A ga daƙiƙa nawa mabiya ke ɗauka kafin su sauka, a ga adadin da suka sauka a kai, a mayar da haɗin a ga ko sun dawo da kansu ko sai an kashe an kunna. A kashe jagora shi kaɗai a sake dubawa. A maimaita bayan duk sabunta manhajar ciki, domin sabuntawa takan bar jagora da mabiya a kan siga daban, wani lokaci ta mayar da saituna yadda suka fito daga masana'anta. Sannan a rubuta a takarda a liƙa a cikin murfin akwatin rarrabawa: wacce ce jagora, adireshin kowace caja, layin da kowace ta fara da shi, inda zobba suke da girmansu, adadin da aka ware, adadin kariya, da ranar da aka ƙara caja ta ƙarshe.